Yadda na koyi ɗaga dutse a Tafkin Baikal

Ranar da aka liƙa jerin ayyukan fili a allon sashenmu, sunan omul, shahararren kifin Tafkin Baikal, na fara nema. Duk ɗalibin da ya zo birnin Irkutsk na Siberiya karatun kifi, omul ne a ransa. Shi ake kyafawa, shi baƙi ke tambaya, shi ne kuma ya ragu har gwamnatin Rasha ta hana kama shi don kasuwa a watan Oktoba na 2017. Ni ɗan masunci ne daga Yawuri, na tashi a gidan da ake sanin darajar kifi da yadda ya cika kwando. Da na bi jerin da yatsa sai na tarar da sunana a wani wuri daban: mako uku a ƙauyen Bolshiye Koty, ƙidayar gurbin ƙwai na wani ɗan kifi da tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba.

Danginsa Rashawa ke kira shirokolobka, wato mai faɗin goshi, mutanen bakin ruwa kuma su ce bicok, ɗan bijimi, saboda kai ya rinjayi jiki. Masu Ingilishi sikalfin suke cewa. Babu su a ruwanmu don ba sa son ɗumi. Kifayen ƙoramu da tafkunan arewacin duniya ne, tun daga Turai, Siberiya, har Kanada. Ba su da ɓawo a jiki, ba su da jakar iskar nan da ke riƙe sauran kifaye a tsakiyar ruwa, shi ya sa yawancinsu kwanciya suke yi tsakanin duwatsu, su yi wuf su sauya wuri, su sake lafewa. A wasu ƙasashe za ka bi kogi daga mafarinsa har ƙarshe ka sami iri ɗaya ko biyu. A Baikal sun kai iri 30, kimanin rabin ire-iren kifin tafkin, kuma galibinsu ba a samun su ko'ina a duniya sai nan. Akwai na ruwan da bai kai gwiwa ba, akwai na can ƙasa cikin duhu, a tafkin da zurfinsa ya kai mita 1,642.

Wanda aka ba ni shi ne jeltokrilka, mai rawayan fiffike. Shi yana yawo a buɗaɗɗen ruwa fiye da 'yan uwansa, amma in lokacin ƙwai ya zo dole ya dawo gaɓa ya nemi dutse.

Na kira Baba ƙarfe 11 na dare, su kuma sun idar da la'asar ke nan.

"Ana cin sa?" Tambayarsa ta farko.

"A da an kama shi sosai, Baba. An hana tun farkon shekarun 1970."

"To me za ka ƙirga a jikinsa?"

"Ƙwansa. 'Ya'yansa ne abincin babban kifin da ake sayarwa."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Warangi ke nan. To riƙe aikin da hannu biyu. Wanda ya raina warangi bai taɓa buɗe cikin giwan ruwa ba."

Shirin tafiya ya fara tun da sauran ƙanƙara a tafkin. Sai da aka yi mana allura biyu ta rigakafin cutar kumburin ƙwaƙwalwa da kaska ke sa wa mutum, domin watan Mayu da Yuni su ne lokacin kaska a dajin Siberiya. Aka nemo mana izinin shiga, tunda gaɓar tana cikin gandun da gwamnati ke karewa. A farkon Yuni muka shiga mota zuwa Listbiyanka, tafiyar kilomita 70 a gefen Angara, kogi ɗaya tilo da ke fita daga tafkin da koguna fiye da 300 ke zuba a ciki. Daga nan sai jirgin ruwa, don Bolshiye Koty ba ta da titin mota. Ƙauye ne na gidajen katako a bakin kwari, inda aka taɓa haƙar zinariya, kuma a nan tsohuwar tashar binciken halittu ta Jami'ar Irkutsk take.

Mu biyar ne da malama ɗaya. A can ana kiran malami da sunansa haɗe da na mahaifinsa, amma a nan Malama zan ce. Ta kusa shekara 60, ba ta da yawan magana, kuma ranar farko ba ta bari kowa ya taɓa ruwa ba. A tudu ta tara mu, ta ajiye wani dutse mai faɗin faranti a kan tsakuwa, ta sa ɗanyen ƙwan kaza a ƙarƙashin gefensa, ta ce kowa ya ɗaga ya mayar sau 20.

Ƙa'idar ita ce ba a cire dutse daga mazauninsa. Gefe ɗaya kake ɗagawa, ɗayan yana nan a ƙasa, kamar kana buɗe murfin akwati. Kafin ka taɓa shi ka dubi yadda yake zaune, ka lura da wane ɓangare ne ke fuskantar gaɓa, ka nemo ɗan ramin da ke gindinsa, domin wannan ce ƙofar gidan. In za ka mayar, yatsunka su riga dutsen sauka, ka ji ƙasa da su, sannan ka zare su a hankali. Daga buɗewa zuwa rufewa daƙiƙa 20 ta ba mu. Kuma ko da wasa ba a fito da dutse mai ƙwai cikin iska.

A raina na ga abin ya yi sauƙi. Tun ina ɗan shekara bakwai nake lalube a ramukan bakin Neja, na san yadda kurungu ke kafa ƙaya, na san girgizar minjirya. Abin da ban sani ba shi ne duk laluben da na koya na fitar da kifi ne. Ba a taɓa koya mini yadda zan buɗe gidan kifi in bar shi a ciki ba.

Kashegari muka shiga ruwa. Rigar ulu biyu, wandon roba mai haɗe da takalmi da ke kaiwa ƙirji, safar hannu mai kauri. Ma'aunin zafi ya nuna digiri 5. Wanda bai taɓa sa hannu a irin wannan ruwa ba zai ɗauka sanyi ake ji. Minti biyun farko ne sanyi. Bayan haka zafi ne kamar an ɗaure maka yatsu da waya, daga nan kuma sai ka daina jin komai, kuma wannan ne mai hatsarin, don hannu na riƙe da dutse amma bai san nauyinsa ba. Saboda haka Malama ta yanke cewa minti 15 kowa zai yi ya fito ya kama kofin shayi har yatsunsa su dawo.

Tsarin aikin kansa ba wuya. Mun shimfiɗa igiya daga gaɓa zuwa inda ruwa ya kai ƙugu, da ƙulli a kowace mita. A kowane ƙulli ana ajiye firam na bututun roba, mita ɗaya kowane gefe, kuma duk dutsen da ke ciki wanda ya fi dunƙulen hannu girma sai an duba ƙarƙashinsa. Mutum biyu ke aiki tare. Ɗaya na ɗagawa yana ɗaukar hoto da rula a gefen ƙwan, ɗayan na riƙe da bokiti mai gindin gilashi yana leƙawa, yana faɗa wa na tudu abin da zai rubuta da fensir: zurfi, girman dutse, akwai namiji ko babu, curin ƙwai nawa, idanu sun fito ko da saura. Duk gurbin da aka samu sai a ajiye ɗan dutse mai fenti da lamba a gefensa, don a dawo masa bayan kwana uku-uku.

Ruwan kuwa, ban taɓa ganin irinsa ba. Kana tsaye kana ƙirga tsakuwar da ke ƙarƙashin takalminka ɗaya bayan ɗaya. Mu da muka saba da jan ruwan damina, hannu ne idonmu. A nan ido na gani sarai, hannun ne ke mutuwa.

Duwatsu takwas na ɗaga ba komai sai gammarus, wasu ƙananan halittu masu kama da jatan lande da suka cika tafkin, iri fiye da 300. A na tara na gan shi. Kansa baƙi ƙirin, fiffiken ƙirjinsa a buɗe, rawaya shar kamar an tsoma su a kurkur. A jikin dutsen ta ciki, wato rufin ɗakin, ga curin ƙwai a manne, kowane kamar ƙwayar gero, a jere ba rata. Macen juyewa take yi ta liƙa su a sama, ta yi tafiyarta. Namijin ne ke zama. Yana kaɗa fiffike ruwa mai iska ya riƙa ratsa ƙwan, yana hana laka kwanciya a kai, yana korar duk abin da ya leƙo. Na buɗe masa rufi, haske ya faɗo masa, ga hannu ya fi shi girma sau goma, bai gudu ba. Ya dai ƙara buɗe fiffike ya juyo da kai wajen yatsuna.

Na tuna gaiwa. Duk ɗan masunci ya san namijin gaiwa ne ke gadin rami a cikin ciyawa, kuma bargi ma gida yake yi ya tsare. Amma gaiwa babba ce, tana da haƙorin da za ta rama. Wannan ba shi da komai sai zama.

Zaman kuma ba na kwana biyu ba ne. Jeltokrilka kashi uku ne a tafkin, kowane da lokacinsa: na Maris, na Mayu, na Agusta. Na Maris a ƙarƙashin ƙanƙara suke zuba ƙwai, kuma saboda tsananin sanyi ƙwan kan kusa wata uku kafin ya ƙyanƙyashe. Na Mayu, waɗanda muke bi, wata ɗaya da 'yan kwanaki. Duk tsawon wannan lokaci namijin kusan ba ya cin komai. Yana ramewa a kan idonka daga zagaye zuwa zagaye, kuma da yawansu ba sa rayuwa bayan haka.

A mako na farko mun sa wa gurbi 41 lamba a igiya huɗu.

Na 17 a hannuna yake. Rana ta huɗu ce, da yamma, iska ta fara saukowa daga duwatsu, ruwa ya soma motsi. Na riga na wuce minti 15 ɗina, amma saura ƙulli ɗaya in gama igiyar, sai na ce bari in ƙarasa. Dutsen babba ne, mai tudu a baya. Da na buɗe sai ga curi uku, launinsu ya ɗan bambanta, alamar mata uku ne suka zuba wa namiji ɗaya. Shi ne gurbi mafi girma da muka gani. Na ɗauki hoto, igiyar ruwa ta girgiza ni, bai fito ba. Na sake. Abokin aikina ya ce lokaci ya wuce. Na ce saura ɗaya. A na ukun ne dutsen ya zame daga yatsun da ban san sun saki ba. Bai faɗi gaba ɗaya ba, na tare shi da gwiwa, amma gindinsa ya bar mazauninsa, namijin kuma ya fita kamar an harba kibiya.

Na mayar da dutsen. A idona ya zauna daidai. Na ajiye lamba, na fito, ban ce wa kowa komai ba, abokin aikina ma bai ce uffan ba. A takarda aka rubuta: namiji akwai, curi uku.

Bayan kwana uku muka dawo zagaye. Tun kafin in taɓa shi na ga abin da ya faru. Dutsen ya juya kamar faɗin yatsa uku, ƙofar da ke gindinsa ta toshe da tsakuwa, ta ɗaya gefen kuma ya bar wawakeken rata. Na buɗe. Babu namiji. Gammarus sun yi baƙi a kan ƙwan, suka watse da ganin haske. Curi ɗaya ya ƙare sai tabonsa a jikin dutse, sauran biyun sun yi fari-fari, ga wata farar gansakuka kamar auduga ta fara rufe su. Kusa da su wani mai faɗin goshi na wani iri daban yana kwance, cikinsa ya yi tim.

Malama ce ke riƙe da bokitin a ranar. Ta daɗe tana kallo. Ta sa hannu ta shafa gefen dutsen, inda layin kore ya nuna iyakar da ƙasa take rufewa a da, yanzu kuma ya fito sarari.

"Wa ya ɗaga wannan?"

"Ni ne."

"Daƙiƙa nawa?"

"Ban ƙirga ba. Ya fi minti ɗaya. Kuma ya zame mini."

Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Da ka faɗa a ranar, da mun koma mun gyara masa ƙofa. Sukan dawo in ƙofar tana nan." Sannan ta ce a ci gaba da na 18.

Wannan maganar ta fi mini ciwo fiye da faɗa. Zamewar dutse kowa na iya yi. Shirun nawa ne ya kashe gurbin. Daren nan na buɗe hoton na uku, wanda ya fito tas, na yi abin da aka koya mana: ka ƙirga ƙwan da ke cikin santimita ɗaya, ka auna faɗin curi, ka yi lissafi da yawan hawa. Mace ɗaya kan zuba daga 'yan ɗaruruwa zuwa wajen dubu biyu ko uku. Lissafina na gurbin 17 ya ba ni kusan 4,000.

Na san a tafki mai tsawon kilomita 636 wannan ba komai ba ne. Abokan gāba sun fi ni yawa kuma sun riga ni. Fararen tsuntsayen ruwa da hankaki na bin gaɓa suna cin duk curin da ruwa ya janye ya bari. A farkon Yuni wasu ƙwari ke fitowa daga tafkin su rufe duwatsu kamar shinge bayan ruwan farko, beyar na saukowa daga daji ya lashe su, ya kuma kifar da duwatsu ya ci ƙwan kifi. Wata safiya mun ga sawunsa da jerin duwatsu a kife can gaba da igiyarmu ta huɗu. Akwai kuma abin da ya fi beyar. Madatsar da aka gina a Irkutsk a shekarun 1950 ta ɗaga ruwan tafkin kimanin mita ɗaya, gaɓa ta zaizaye, tsoffin wuraren ƙwai suka lalace, kuma jeltokrilka na cikin waɗanda suka fi shan wahala. A 2001 aka kafa dokar riƙe ruwan tsakanin mita 456 da 457 bisa teku, duk da haka kifin da ke ajiye ƙwai a ruwan da bai kai gwiwa ba, ɗan ja da baya kaɗan ya ishe shi. Wannan ban buƙaci a fassara mini ba. Kakana ya ga cikar Kainji a 1968, kuma har ya rasu yana lissafa wuraren da kifi ya daina zuwa. Sabon abu shi ne gansakuka mai zare, spirogira, da ta yaɗu a gaɓar Listbiyanka tun wajen 2011, wadda masana ke dangantawa da ruwan ƙazanta daga gidaje da masaukan baƙi. Takan lulluɓe duwatsu ta toshe ramukan, kifi ya zo ya rasa inda zai shiga.

Amma duk waɗannan su ne abin da aka aiko mu aunawa. In mai awo da kansa yana kashe gurbi bai rubuta ba, lissafin zai ɗora wa beyar da gansakuka laifin da ba nasu ba. Abin da Malama take karewa ke nan, kuma na yarda da ita ɗari bisa ɗari.

Daga ranar na sauya yadda nake aiki. Kafin in taɓa dutse sai in kafa ɗan tsinke a bakin ƙofarsa. Ina ƙirga daƙiƙa da baki, da Hausa, don da ita ce ba na kuskure. Hoto ɗaya, ya fito ko bai fito ba. In na rufe, ba na matsawa sai na leƙa ta bokiti na ga bakin kan nan a ƙofa. In yatsa ya daina jin tsakuwa, ko saura dutse ɗaya ne, na fito.

Ranakun da iska ta hana shiga ruwa a ɗakin bincike muke yini. Tunda waɗannan kifaye ba su da ɓawon da za a karanta shekaru a jikinsa, sai a koma ga dutsen kunne. Ba mu kashe ko ɗaya ba, mazan da suka mutu igiyar ruwa ta turo gaɓa muke tsinta da safe kafin tsuntsaye su riga mu. Ka auna tsawo, ka auna nauyi, ka tsaga ƙoƙon kai ta sama, ka sa ɗan hantsaki a bayan ƙwaƙwalwa ka zaro wasu fararen duwatsu biyu da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Ka ɗiga musu gilisarin, ka sa a madubin ƙara girma a kan baƙin faranti, sai zobba su fito, mai haske da mai duhu, kowane biyu shekara guda. Mutum biyu ke karantawa, kowa ya rubuta nasa a ɓoye, in ba su dace ba a kira na uku. Yawancin waɗanda na karanta shekara uku ne. Cikinsu kuwa wayam, hanji ya zama kamar zare.

A ɗakin ne na fara riƙe golomiyanka, 'yar uwarsu ta tsakiyar tafki, wadda aka tsinta bayan iska. Jikinta fari-fari mai ɗan ja, kana hango ƙashin bayanta ta cikin fata. Babbar irin, kusan kashi 40 cikin ɗari na jikinta mai ne, shi ke riƙe ta a ruwa a madadin jakar iska. Ita ba ta neman dutse, ba ta zuba ƙwai, haihuwar 'ya'ya take yi da rai a buɗaɗɗen ruwa. Benedikt Dibowski, likita ɗan Foland da aka koro Siberiya bayan tawayen 1863, ya zauna a Kultuk a kudancin tafkin yana binciken halittunsa, kuma ƙaramar irin da sunansa ake kiran ta a littafin kimiyya. Ba a kama golomiyanka don kasuwa saboda ba ta taruwa garke-garke, amma ta fi kowane kifi yawa a Baikal, kuma ita ce babban abincin nerpa, dabbar ruwan nan mai shayarwa da ta tuna mini da ayu ko da yake ba danginsa ba ce. Na daɗe ina juya ta a tafin hannu, tana barin maiƙo a safata.

A mako na uku idanu suka fito a yawancin gurabun. Kowane ƙwai da ɗigo biyu baƙaƙe, in ka kawo bokiti kusa sai ka ga suna juyi a ciki. Na 23 shi ne ya fara. Na buɗe, ƙirga na bakina, sai wani abu kamar hayaƙi ya tashi daga ƙarƙashin dutsen. 'Ya'ya ne, siraran gaske, ba ka ganin komai a jikinsu sai idanu. Mutanen bakin ruwa na kiran su poyed, wato abin ci, don su omul ke bi in sun bar gaɓa. Namijin na nan. Rawayan fiffikensa ya koɗe, gefensa ya yayyage, jikin ya zama kai da jela kawai. Saura kamar kashi ɗaya cikin uku na ƙwan bai fashe ba, yana kaɗa musu ruwa. Na rufe a daƙiƙa 14.

Da na hau kan gadar jirgi inda waya ke kamawa na ba Baba labarin na 23. Sannan na ba shi na 17, ban rage komai ba.

"Ka faɗa wa malamar taku?"

"Ta gani da idonta, Baba. Sai da ta tambaya na faɗa."

"Ka makara, amma ka faɗa. Allah ya kiyaye gaba." Ya tambayi ko akwai abinci mai kyau, na ce akwai, muka yi sallama.

Ranar ƙarshe muka kwashe igiyoyi, muka tsince duwatsun fenti ɗaya bayan ɗaya har 41, don ba a barin komai a ruwa. A cikin gurabun, 26 sun ƙyanƙyashe ko suna gab da yi, sauran sun lalace. Aikina ne in cika teburin rahoto, kuma a layin ƙarshe akwai wurin rubuta dalili. Na cika na beyar, na cika na waɗanda igiyar ruwa ta kifar, na cika na waɗanda namiji ya ɓace ba a san dalili ba. A kan na 17 na rubuta: mai bincike ya riƙe dutse fiye da minti ɗaya, ya mayar da shi a karkace, ƙofa ta toshe, bai sanar ba sai bayan kwana uku.

Malama ta karanta teburin a cikin jirgi muna komawa Listbiyanka. Da ta zo layin ta ciro fensir, ta ƙara alama a gefe cewa a cire wannan gurbi daga lissafin asarar da ta faru da kanta, a bar shi a cikin rahoto. Ta miƙo mini takardar ta ce ƙungiyar da za ta bi 'yan Agusta tana neman mai ɗaga dutse, in ina so. Na ce ta sa sunana.